Sarkin Ɗinki da Kwalbar Lutin

An ce a wani gari an yi Sarkin Ɗinki Jatau, wanda yanar ido ta hana shi ganin kafar allura. Likita ya ce ya zo a cire, shi kuwa ya ji zancen wuƙa, ya ce atafau ba zai je ba. Sai ya maƙale wa ƙwayoyin lutin da aka aiko masa daga birni, masu gina ido. An ce ɗaya a rana, malam uku yake watsawa, har tafin hannunsa ya koma ruwan ɗorawa. Hazon kuwa kullum ƙaruwa yake. Ya gaji, wallahi ya gaji.

Wata safiya ya lalubo kwalbar, sai tsohon akunsa ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Ranka ya daɗe, ka tuna mini da Lantana da kazarta."

Jatau ya ce, "Me ya same su?"

Aku ya ce, "Ƙaya ce ta shiga idon kazar. Lantana ba ta iya taɓa wurin, sai ta dinga ɗura mata jar masara da zogale. Gwaiduwar ƙwai ta yi jawur, ido kuwa yana ta ruwa. Ran nan kaza ta ce, 'Uwar ɗakina, kin zama tsohuwar nan mai fitila.' Lantana ta ce, 'Wace tsohuwa?'

"Kaza ta ce, 'Wata ce da fitilarta ta dushe. Kullum sai ta ƙara kananzir, har yana malala. Maƙwabciyarta ta ce, Iya, kananzir ɗinki mai kyau ne, amma ƙwan fitilar ne ya yi baƙi ƙirin, sai an ciro an goge. Ta ce a'a, kar ya fashe. Haka ta ƙare tana lalube da cikakkiyar fitila. To ni ma na gode da zogale, amma ki cire mini ƙayar.'"

Aku ya gyara tsayuwa ya ce, "Lutin ba guba ba ne, ranka ya daɗe. Shi ne ma ke cikin gwaiduwa da ganye. Ka sha guda ɗaya yadda aka ce, yana ciyar da ido ta ciki. Amma yanar ido, ko buhu ka shanye, tana nan."

Jatau ya ajiye kwalbar. Can ya ce, "Na ji. Kira mini 'yata Tabawa ta nemo mota, a kai ni asibitin."

Sai wata murya ta amsa, "Baba, ai tun ɗazu nake durƙushe a gabanka."