Ƙafar da aka auna da karan dawa

Akwai wani mai gyaran babur a Gummi, sunansa Abdulwahabu. Wajen shekarar 2006 ya dawo daga Legas da sabuwar sana'a. Yana shimfiɗa zaren faiba, wani baƙin zare mai ƙarfi da ake kira kabon, a kan zubi, ya rufe da leda, ya sa injin tsohon firij ya zuƙe iskar, sai ruwan gam ya ratsa zaren har ya daskare kamar ƙashi. Wata shida yana gwaji a kan murfin babur har hannunsa ya faɗa. Gaskiya ya iya. Sai dai girman kai, wa'iyazubillahi!

Wata rana Lirwanu, wani manomin shinkafa, ya shigo shagon yana dogara sanda. Maciji ne ya sare shi a fadama, aka yanke masa ƙafa ƙasa da gwiwa.

Ya ce, "Malam Abdulwahabu, ka yi mini ƙahwa in koma gona kahin ruwa ya sauka. Ɗiya shida gare ni."

Abdulwahabu ya ga hanyar yin suna, nan take ya amsa. Amma da Lirwanu ya kwance tsumman dungun, warin gumi da magani ya tashi, sai gogan naka ya toshe hanci ya tofar da yawu.

"Kai, ruhe wanga abu! Ƙazanta har cikin shagona?"

Ya san sarai cewa sai an shafa filasta a dungun da hannu, an ɗauki siffarsa da kowane lungu. Ina! Karan dawa ya ɗauko, ya tsaya daga nesa ya gwada tsawo da faɗi, ya ce ya isa.

Ƙafa ta fito baƙa wuluk da zaren kabon, sai sheƙi take. Kwana uku tana rataye a ƙofar shago mutane suna kallo, shi kuwa sai hura hanci yake.

Lirwanu ya sa ta, ya ce tana cizonsa daga ciki.

Abdulwahabu ya ce, "Ƙauyanci ne. Za ka saba."

Bawan Allah ya daure, ya shiga laka da ita sati uku. Dungun ya goge, ya kumbura, ya fara ruwa. Ranar da aka cire ƙafar, mugunya ce ta zubo daga cikinta, ƙudaje suka yi caa. A asibiti likita ya ce babu makawa, sai an ƙara yankewa sama da gwiwa. Noman wannan shekarar ya wuce shi. 

Labari ya kai kunnen Inna Dija, mahaifiyar Abdulwahabu. Tsohuwar ta tako har shago ana tsakar cin kasuwa, ta tsaya a gaban jama'a.

"Kai ne mai ƙyamar mutane? Shekara biyu kana zawo a zanena, da hannun ga nike kwashewa, ban taɓa toshe hanci ba. Tir da kai, Abdulwahabu."

Ta karɓi tsumma da ruwan zafi a wurin mai shayi, ta danƙa masa.

"Wuce mu tahi. Daga yau kai ne mai wanke mishi ciwon, safe da yamma, har ya warke."

Ya bi ta a baya, kansa a ƙasa, duk kasuwa tana kallo.

Darasi: Gwanintar da ke ƙyamar taɓa mutum cutarwa ce. In ba za ka iya kusantar mai lalura ba, kada ka karɓi aikinsa. Ku tura wa duk mai sana'ar hannu da kuka sani.