Hannun da Bai Bugi Bodi Ba

Akwai wani direban tirela da ake kira Sau-ɗaya. Shekara ashirin da biyu yana jan mota a wani kamfanin taki.

Ƙofar siton kamfanin matsattsiya ce, ginshiƙin kankare dama da hagu, kuma ba a shigarta sai da ribas. Ga wanda bai san tuƙi ba, ribas kalmar Turanci ce da direbobi suka ara, ma'anarta tafiyar mota da baya. Shi da ja ɗaya yake cusa tirela tsakanin ginshiƙan nan, ba gyara. A nan ya samo sunan.

Wata shekara ɗan baffansa ya zo neman aiki. Magidanci ne mai 'ya'ya biyar. Sau-ɗaya ya tsaya masa aka ɗauke shi.

Tuƙin wannan daban yake. Ya ja baya kaɗan, ya taka birki, ya sauko ya zaga ya duba, ya koma. Leburori suka sa masa Malam Sauka.

"Malam Sauka, yau sau nawa za a sauka? Mu je mu ci abinci mu dawo?"

"Ku je," in ji shi. "Ku taho min da nawa."

Sau-ɗaya ya fi kowa dariya.

Bayan shekara biyu kamfani ya sayo sabuwar tirela. Kowa ya ɗauka ta Sau-ɗaya ce. Shi ma har ya kwashe tarkacensa daga tsohuwar. Manaja ya tara su, ya miƙa wa Malam Sauka makulli. Ya ce tunda ya zo bai taɓa fasa ko fitilar baya ba, wasu kuwa sun fasa huɗu.

Bai kama suna ba. Kowa ya san mai huɗun.

Da Sau-ɗaya ya koma gida matarsa ta ce, "Ashe ƙaninka aka ba sabuwar? Madalla, ai duk gida ne."

"Gidan wa?"

Ya ture kwanon, ya tashi.

Tun daga nan kullum idonsa na kan motar. Kujerunta ko leda ba a cire ba. Tasa kuwa sai an ɗaure ƙofar da waya. In Malam Sauka ya ce, "Yaya, ina kwana," da hanci yake amsawa. Ya fara cewa shi ya kawo shi, shi ya nuna masa ƙofar ofishin ma.

Ga yadda ake aikin. Mai ribas ba ya ganin kusurwar bayan tirela. Sai wani ya tsaya inda zai gan shi a madubi, yana yafito shi da hannu. In bayan ya kusa taɓa wani abu, sai ya bugi bodin motar da tafin hannu, direba ya taka birki. Mai gadi ne ke yin wannan.

Wata safiya mai gadi bai zo ba, ba shi da lafiya. Malam Sauka ya dawo da kaya.

"Bari in duba maka," in ji Sau-ɗaya.

"Na gode, Yaya."

Sau-ɗaya ya tsaya a baya. "Taho. Taho. Da saura."

Yana gani bayan motar ya nufi ginshiƙi. Tafinsa na kusa da bodi. Bai buga ba. So yake ya ji ƙarar fenti da fitila, manaja ya leƙo.

"Taho."

Sai birki ya yi ƙara. Malam Sauka ya sauko kamar yadda ya saba, ya zaga. Tsakanin motar da ginshiƙi yatsa huɗu ya rage.

Leburori suka juyo suna kallo.

Malam Sauka ya dubi ginshiƙi, ya dubi ɗan'uwansa. Sannan ya ce:

"Yaya, rana ce ta shige maka ido."

A inuwar sito suke tsaye.

Manaja ya ji ƙishin-ƙishin, ya kira Malam Sauka. Malam Sauka ya ce shi bai ga abin da ya faru ba, mota ma lafiya ƙalau take. Ba a kori kowa ba.

Amma direbobi sun ji. In Sau-ɗaya ya ɗaga hannu zai duba wa wani, sai a ce, "Bar shi, Baba, kar mu wahalar da kai. Mai gadi na zuwa." Gara su jira rabin awa cikin rana. Sunan ma aka daina kiransa da shi. Ya koma Baba kawai.

Mutum ɗaya ne bai canza ba. Bayan sati uku Malam Sauka ya leƙo ta taga a gaban kowa.

"Yaya, zo ka duba min."

Sau-ɗaya ya je. Tun da sauran taku biyu ya bugi bodi, har tafinsa ya yi zafi. Motar ta tsaya.

Malam Sauka ya buɗe ƙofa, ya sauko, ya zaga ya duba.

Da can ma yana sauka. Amma daga ranar Sau-ɗaya bai ƙara sanin ko don ginshiƙi yake sauka ba, ko don shi. Bai kuma iya tambaya ba.

Darasi: Wanda ya ce ka tsaya masa a baya, amana ya ba ka. In hassada ta riƙe maka hannu, ko an yafe maka, kai ba za ka ƙara samun natsuwa ba. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan aiki su karanta.