Raunin da Bai Zub da Jini Ba

Akwai wani manomi da yake huɗa da shanu. Wata rana shanun suka firgita, suka fizge garma, ya faɗi. Goshinsa ya bugi dutse, bakin garma kuma ya yanke shi a ƙwauri.

Goshin ya yi ta zub da jini har ya rufe masa ido, ya jiƙa riga. Na ƙwaurin kuwa ɗan tsattsafowa ya yi, ya tsaya. Matarsa Rahila ta wanke goshin, ta ɗaure, sannan ta ce, “Maigida, miƙo ƙafar ma in duba.”

Ya ce, “Rabu da ita. Ba ki ga ko jini ba ta yi ba?”

Kashegari ya koma gona, yana takawa cikin laka. Duk wanda ya zo gaishe shi, goshin yake tambaya. Ba a daɗe ba goshin ya warke, sai ɗan tabo. Ƙwaurin kuwa ya kumbura, ya zama gyambo, ya yi baƙi, har ya fara ɗoyi. Sa'an nan aka kai shi asibiti.

Likita ta duba, ta ce, “Baba, fatar fuska tana samun jini da yawa, shi ya sa take zub da shi sosai, take kuma saurin warkewa. Ta ƙwauri kaɗan take samu. Ita ce ta fi bukatar kulawa. Da kun zo da wuri, da mun cece ta.”

Aka yanke ƙafar daga gwiwa. Da damina ta kewayo, manomin yana zaune a ƙofar gida da sandunansa, yana kallon wani ya wuce da shanunsa zuwa gona. Ya sunkuyar da kai.

Ma'anar wannan misali ita ce: ikilisiya jiki ɗaya ce, ƙauna kuwa ita ce jininta. Amma ƙaunarmu ba ta isa ko'ina daidai. In dattijon da ke zama a gaba ya yi zazzaɓi, gidansa ya cika da masu gaisuwa. Gwauruwar da ke zama a bencin baya kuwa, ko baƙon da bai san kowa ba, ciwonsu ba ya ƙara. Sukan daina zuwa sujada, ba wanda ya taka ya tambaya. Ranar da muka tuna da su, sau da yawa mun riga mun rasa su, jikin Almasihu kuma ya ragu da gaɓa ɗaya.

Ku dubi baya yau, ku ga wurin wa ya zama babu kowa. Kada rana ta faɗi ba ku yi sallama a ƙofarsa ba.