Yadda Hawainiya Ta Hana Aljani Nantake Irin Gero

Ga ta nan tana tafe, ga ta nanku!

To, ku amsa mana. Ladidi, rufe bakin nan kada sauro ya shige.

Ta zo mu ji ta, ta wuce!

Wani gari ne, mutanensa ba sa son jira. A ɗora tukunya, su ce ta daɗe. A yi shuka da safe, su je da lauje da yamma.

Sai ga wani aljani ɗan kasuwa, sunansa Nantake, ɗan tsurut, da jaka a kafaɗa. Ya ce, "Kowa ya ce 'yanzu', abin da yake so ya faɗo hannunsa. Ni dai a ba ni tafin gero."

Mutane suka yi ta kallonsa, ba wanda ya taya. Sai ya je ya ɗauko Dawisu, wanda duk garin ke mutuwar kallonsa. Dawisu ya hau turmi a tsakiyar kasuwa, ya baza wutsiya, ya ce, "Masoyana, ni fa ban taɓa jira ba. Yanzu!" Sai ga tsire da zafinsa.

Kai! Gari ya rikice. Wannan "yanzu", wancan "yanzu". Duk wanda ya miƙa gero, Nantake ya kumbura, Dawisu ya sami sabon gashi. Ya kumbura ya kai akuya. Ya kumbura ya kai raƙumi. Ya kumbura har inuwarsa ta rufe kasuwa. Mata suka kife turame, maza suka jingine fartanya, rumbuna suka koma wayam. Har irin shuka aka kwashe aka ba shi.

Saura ƙwarya ɗaya tak, a rumbun Hawainiya. In wannan ta tafi, ba mai sake noma a garin, sai abin da Nantake ya ga dama.

Dawisu ya zo ya ce, "Iya, ba ki son ki zama kamar ni?"

Ta ce, "In zama kamar kai in yi me? In ci gashi?"

Mutanen gari suka zo suka ce, "Haba Iya, ki ba shi mana, ya ce in ba a ba shi ba, zai rufe jaka."

Ta ce, "Da na wa kuka ciyar da shi ya yi wannan ƙato? Da nawa?"

Sai Nantake ya zo da kansa, ƙasa na girgiza. Ya ce, "Tsohuwa, irin nan, ko in taka ki."

Ta ɗaga ido ɗaya sama, ɗaya na kallon hadari a gabas. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ai naka ne. Rumbun yana can ƙarshen gona. Tsaya nan in kawo maka."

Ta tafi. Kun san tafiyar Hawainiya: ƙafa gaba, ƙafa baya, ta yi tunani, ta taka. Barau, tashi ka gwada mana. Yauwa, haka, sai dai ita ta fi ka kyau.

Nantake ya tsaya, kwaɗayi ya hana shi matsawa. Can kasuwa ana ta "yanzu, yanzu", ba mai amsawa. Yunwa ta ci mutane, suka tsinko tafasa da rama suka dafa. Suka zauna suka jira tukunya, ba wanda ya mutu.

Ruwa ya sauko, ƙasa ta jiƙa. Hawainiya ta juyo da ƙwarya a ka. Ƙafa gaba ta tona, ta saki ƙwaya. Ƙafa baya ta rufe. Ta tona, ta saki, ta rufe. Ta tona, ta saki, ta rufe.

Nantake ya ce, "Yi sauri!"

Ta ce, "Saurin ke nan, ɗan nan."

Shi kuwa ba a miƙa masa komai, sai saɓulewa yake, riga na yi masa yawa.

Da ta iso, ta dire ƙwarya. Ba ko ƙwaya.

Ya ce, "Ina irin?"

Ta ce, "Yana ƙasa. Ka jira kaka."

Ya ce, "Ni ba na jira!"

Ta ce, "To mu muna yi."

Ya juya ga mutane ya ce, "Ku tone min shi, in ba ku tsire yanzu!" Dawisu ya yi tsalle zai baza wutsiya, ashe ruwa ya jiƙa ta, ta lanƙwashe kamar tsohuwar tsintsiya. Wata mata ta fashe da dariya. Mutane suka dubi gona, ga tsiro kore shar ya leƙo. Wani dattijo ya je ya tsaya a bakin kunya, ya ce, "Ba mu tonewa." Wani ya bi shi, wani ya bi shi, har suka kewaye gonar.

Nantake ya yi ihu, muryar ta fito siririya. Ya ja jakarsa ya bar garin, yara na binsa da eho.

Kun ji, duk ƙaton da ya danne ku, ku duba da kyau, rashin haƙurinku ne abincinsa. Ku hana shi, ku ga yadda zai rame.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya ƙone. Ƙarya na shirga muku, amma wanda ya ce in ƙara wata yanzu, shi zai wanke min kwano.