Barmo Mai Haƙar Rijiya da Makashin Ɗansa

A can wani zamani da ko kakannin kakanninmu labarinsa kawai suka taras, an yi wani birni mai ganuwa ja da ƙofa tara, ana ce masa Tsamiya Bakwai, sarkinsa kuwa Zamnau ne, inuwar talaka, dodon azzalumi. A nan aka haifi Mantau, ɗan wata bazawara mai kaɗin zare da ake kira Tasalla, yaron da Allah Ya zuba wa basira kamar da bakin ƙwarya. Yana shekara biyar ya haddace abin da manya ke shekara goma suna fama da shi, yana shekara bakwai ya dubi taurari ya faɗi ranar saukar damina, da ya kai sha biyu kuwa malaman fada suka daina yi masa tambaya don gudun kada ya mayar musu da wadda ta fi ta. Sai dai ba a taɓa ganin hawayensa don wani ba. Yakan fige fiffiken fara ya tsuguna yana kallon tafiyarta, uwarsa ta ce ƙuruciya ce.

Yana shekara sha bakwai ya haɗa wani dafi mara launi mara wari, ya so ya ga aikinsa a jikin mutum. Wata hantsi, a bakin marmaron birni, ya miƙa shi cikin ƙoƙo ga abokin karatunsa Zailani, ɗan Barmo mai haƙar rijiya. Ya zauna yana ƙirga numfashin yaron har ya ƙare, sannan ya wanke ƙoƙon a marmaro. Ashe marmaron nan ƙofar aljanun ruwa ce. Kafin la'asar kowace rijiya ta birnin ta ƙafe ƙayau.

Sarki ya kira Barmo, tsoho mai ranƙwafaffen baya da fasassun tafin hannu, ya ce, "Jinin ɗanka haƙƙinka ne. Amma aljanu sun aiko cewa ba za su saki ruwa ba sai makashin ya tsaya gabansu tare da uban mamacin. Ka iya kai shi?"

Barmo ya faɗi ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙafata ta gaji, zuciyata ta fi ta gajiya. Amma jarirai na kukan ƙishirwa. Zan kai shi."

Kwana arba'in suna tafiya, igiya a ƙugun Mantau, bakinta a hannun Barmo. Suka ratsa dajin ƙayar tagulla, suka wuce birnin da mutanensa suka daskare suka zama gishiri, ko'ina wayon yaron ne ke fitar da su, ko'ina kuma tsohon sai ya ji kamar an ƙara masa dutse a ƙirji. Wata rana da suka zauna cin guzuri, Barmo ya gutsura masa ƙuli-ƙuli, ya ce, "Me yaron nawa ya yi maka?"

"Bai yi mini komai ba, Baba," in ji Mantau. "Shi ne ya fi kusa."

Barmo bai sake tambayarsa komai ba.

Daga ƙarshe suka gangara fadar Gurmuzu, sarkin aljanun ruwa, mai gemun gansakuka da idanu kamar garwashi, fada ce ta lu'ulu'u fari fat wadda kifaye ke shawagi a rufinta. Gurmuzu ya ce gwaji uku ne, in an faɗi ɗaya birnin ya mutu. Ya sa aka gauraya ruwan daɗi da na gishiri a tukunya guda, ya ce a raba su. Mantau ya tafasa ruwan, ya tare tururinsa da tasa mai sanyi, ruwan daɗi ya ɗiga gefe, gishiri ya rage a tukunya. Aka kawo ƙwai ɗari, aka ce ya fitar da na maciji ba tare da ya fasa ko ɗaya ba, ya lallatsa su ya zaro mai laushin ɓawo. Fada ta ɗauki sowa.

Sai aka yaye wani labule, ga samari dubu a tsaye, kowannensu da fuskar Zailani. Gurmuzu ya ce, "Ɗaya ne kurwar wanda ka kashe. Shekara bakwai kuna zama a tabarma ɗaya. Nuna shi."

Mantau ya auna tsawo, ya ƙirga haƙora, ya yi tambayoyi masu sarƙaƙiya, gumi ya wanke shi. Ya ce, "Ban san shi ba."

Barmo ya ja ƙafa ya shiga cikinsu. Duk suna kallonsa ido cikin ido, sai ɗaya can baya da ya sunkuyar da kai ya ɗan matsa gefe, irin kunyar ɗan fari gaban mahaifinsa. Barmo bai taɓa kiran sunan yaron ba tun haihuwarsa, saboda alkunya. Ranar ya kira shi. "Zailani." Yaron ya ɗago ya ce, "Na'am, Baba," sauran suka watse kamar hayaƙi, shi ma ya bi su.

Gurmuzu ya ce, "Ka ci gwaji, tsoho. Ga makashin, yanke hukunci."

"Allah Ya ja zamaninka," in ji Barmo, "ba ni da ƙarfin yafewa, ba ni kuma da ƙarfin ɗaga takobi."

"To mu za mu riƙe shi. Shi zai riƙa jan ruwan birninku daga ƙarƙashin ƙasa har furfura ta rufe shi."

Barmo ya komo shi kaɗai, ya tarar rijiyoyi na tumbatsa. Aka tarye shi da tambura da algaita, sarki ya naɗa shi Sarkin Ruwa, shi kuwa ba abin da yake so sai tabarma. Da taro ya watse, ya ga Tasalla rakuɓe a jikin ganuwa, ta rame kamar sillen kara. Ya tsaya ya gaya mata inda ɗanta yake, bai rage komai ba.

Ta ce, "Malam Barmo, ya riƙa cin abinci a hanya?"

"Ya ci," in ji Barmo. "Ni na riƙa ba shi."

Allah Ya haɗa mana ilimi da tausayi, Ya ba iyaye haƙurin abin da suka haifa.