Kadarkon Madaci

An yi wani sarki a ƙasar Dargaza, a zamanin da ya shuɗe, sunansa Hambali, wanda ya gaji sarauta yana da ƙuruciya. A cikin garuruwan ƙasarsa akwai Madaci, mai kasuwar Laraba, wadda a zamanin mahaifinsa fatake ke zuwa daga nesa saboda rake da man shanu da baƙin rini. Tsofaffin fada sukan ce a wancan lokaci mutanen Madaci da kansu suke kawo harajinsu birni, da kiɗa da guɗa, kamar masu rakiyar amarya.

Da Hambali ya hau gado sai ya tausaya wa talakawa ya rage haraji, amma ya yi umarni a riƙa kawo shi dukansa baitulmali domin gyaran ganuwar birni. Shekaru suka wuce, abin da ke zuwa daga Madaci yana ta raguwa, har wata shekara jakadu suka komo suna cewa mutane gudu suke yi cikin dawa in sun hango su. Sarki ya fusata, ya sa aka kamo dagacin garin, wani dattijo mai suna Barmo, aka tsare shi.

Sa'an nan ya kira Alƙali Zailani, wanda ya yi wa mahaifinsa hidima har furfura ta rufe shi, ya ce, "Allah gafarta Malam, warware mini wannan. Mahaifina ya karɓi mai yawa an ba shi da fara'a, ni na nemi kaɗan an guje ni. In ba ka kawo mini hujja ba, zan tuɓe Barmo, in aika dogarai su koya wa garin ladabi."

Alƙali ya ce, "Allah ya ba ka nasara, rigimar gona a gona ake yanke ta. Ina roƙo a yi wannan shari'a a kasuwar Madaci ran Laraba, kuma kada a aika kowa ya share hanya."

Sarki ya yarda, suka tafi da Barmo a ɗaure, ga shi lokacin marka ne. Da hantsi suka iso bakin rafin da ke gaban garin, sai suka tarar ya cika ya batse, kadarkon da ke kansa ya rushe, ba abin da ya saura sai kututturan giginya tsaye cikin ruwa. A gaɓa mutane ne zaune da kayansu, suna jiran ruwa ya janye, ga rumfunan kasuwa can ƙetare sun zube. Sarki ya sauka ya nufi wata tsohuwa mai ƙwaryar daddawa, wadda ake kira Yalwa, ya ce, "Iya, tun yaushe kadarkon nan ya faɗi?"

Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, jikana da aka haifa a daminar da ya faɗi yanzu shi ke kai akuyoyi kiwo. Da kuwa a kansa raƙuma ke wucewa, mu 'yan mata muna jere da tallanmu, kafin azahar ƙwarya ta zama wofi. Yanzu in ruwa ya hana, sai in koma gida da abina."

Sarki ya tsaya yana duban kututturan, sai wata rana ta faɗo masa a rai, yana yaro, mahaifinsa ya ɗora shi a gaban sirdi sun zo nan. Ya tuna yadda tsohon ya sauka ya taka kadarkon da ƙafa, yana ƙwanƙwasa kowace azara da sandarsa, da yadda wani manomi ya miƙo masa rake yana dariya. Idanunsa suka ciko.

Alƙali ya matso ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ga hujjar da ka nema. Marigayi yakan bar sulusin haraji a garin da aka tara shi, a yashe rijiya, a rufe rumfuna, a sake azara, kuma ba ya karɓar nasa rabo sai ya ga aikin da idonsa. Saboda haka talaka in ya biya, yakan taka abin da ya biya da ƙafarsa. Kai ka sassauta musu da kyakkyawar niyya, amma ka kwashe duka, kadarko ya faɗi, fatake suka sauya hanya, kasuwa ta mutu, mai biya ya rasa abin biya. Ban ga laifin Barmo ba, sau da yawa ya zo da kuka fada, ba a kai shi gabanka ba."

Sarki ya kwance Barmo da hannunsa, ya nemi gafararsa a gaban jama'a. Ya yafe wa Madaci harajin shekarar, ya mayar da dokar sulusi a duk ƙasar, ya kuma ƙi komawa birni sai da ruwa ya janye aka kafa ginshiƙin farko. Alƙali Zailani kuwa, sarki ya yafa masa alkyabbarsa, ya ba shi doki, ya ɗora shi a kan duba ayyukan garuruwa.

Kasuwa ta farfaɗo, ko da yake ba ta koma kamar da ba, domin waɗansu fatake sun saba da wata hanya, ba su sake waiwayowa ba. Yalwa dai ta ƙetare sabon kadarko da ƙwaryarta damina biyu kafin Allah ya karɓi ranta.

Masu hikima sun ce haraji tamkar girgije ne, daga ƙasa yake tashi. In ya komo ya zuba inda ya tashi, rahama ne, in iska ta tafi da shi, sai fari, kuma sarkin da ƙasarsa ta bushe, rumbunsa ma ba ya daɗewa.