Akwatin Ƙarfen Mainasara

Akwai wani matashi a garin Babban Mutum mai suna Mainasara. Yana da lambun barkono a bayan gida, da rijiya mai famfon sola. Da hannunsa ya haɗa wata 'yar kwamfuta da ba ta wuce tafin hannu ba. Idan ya danna wayarsa, sai ta aika saƙo ta iska zuwa soket ɗin famfon, ruwa ya fara zuba.

Da jinyar mahaifiyarsa za ta kai shi Daura, sai ya saka soket ɗin cikin akwatin ƙarfe. Ya gwada da murfin a buɗe, ya ga yana aiki, sannan ya rufe da kwaɗo ya tafi da makullin. Ya ce wa amaryarsa Khairunnisa kada kowa ya taɓa, za a ɓata masa saiti.

Bayan kwana biyu, ta kira ta ce famfo bai tashi ba. Ya duba waya, ya ga an rubuta an kunna. Ya yi dariya, ya ce wataƙila lokacin da ruwan ya zo tana kallon fim ne.

Ta roƙi ya bari a fasa kwaɗon ta danna da hannu. Ya ƙi.

Da kiran ya yi yawa, ya fara gyara daga nesa. Ya kashe kwamfutar ya kunna. Ya sake saka lambobin soket ɗin. Kullum wayar tana cewa an kunna, kullum Khairunnisa tana cewa ƙasa ta tsage. Ran nan ya ce mata ta daina ƙara masa damuwa. Daga nan ta daina kira.

A kwana na takwas ya je shagon Izunna, mai kayan lantarki, neman sabuwar na'urar aika saƙo. Izunna ya saurari labarin, ya girgiza kai.

"Maigida, wayarka cewa take an aika, ba ta san ko an karɓa ba. Kuma saƙon nan ba ya ratsa ƙarfe. Wa ke wajen da ya gani da idonsa?"

Mainasara ya fita daga shagon. Ya hau mota ya nufi gida.

Yana ɗaga murfin akwatin ya danna wayar, famfo ya tashi nan take. Ruwan ya malala kan busassun karare.

Layi biyu kawai suka rage kore, kusa da rijiya. Khairunnisa ce ke ba su ruwa da guga, har igiya ta yanka mata tafin hannu. Ya kama hannun yana son magana, ta zare a hankali.

"Barkonon za ka sake shukawa," in ji ta. "Ni kuwa ka riga ka ce ƙarya nake."

Darasi: Kada girman kai ya sa ka gaskata na'ura ka ƙaryata mai ƙaunarka da ya gani da idonsa. Ku tura wa wasu, ko wani zai saurari nasa tun kafin ya daina kira.